Abokina ya riƙe mini cikon kuɗin mota wata 14

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, ina zaune a Garin Malam. Wata 14 ke nan da na sayar wa abokina na ƙuruciya motata Toyota Corolla a kan sefa miliyan 2 da jika 300. Ya ba ni jika 900 a ranar, ya ce ciko sai kaka in ya sayar da wake da riɗi. Daga baya ya kawo jika 200, ya kuma aiko da jika 150 ta Nita, daga nan shiru. Ba mu rubuta komai ba, ƙanena da makanikena kaɗai ke wurin. Motar tana lodin fasinja tsakanin Damagaram da Matamaye. Kartigiris, wato takardar rajistar motar, yana hannunsa, amma sunana ne a kai. In na kira shi sai ya ce in ƙara haƙuri. Makulli na biyu yana wurina, ƴan'uwana sun ce in je tasha in ɗauko abata, wasu sun ce in kai shi kwamisariya. Tare muka yi makarantar allo, matanmu ma suna zumunci. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya warware maka, ya kuma kare wannan zumuncin.

Kafin komai, ajiye makullin nan a akwati. Motar ta fita daga hannunka tun ranar da ciniki ya faɗa. A shari'ar Musulunci da kuma dokar farar hula da kotunan Nijar ke aiki da ita, in mai saye da mai sayarwa sun daidaita a kan kaya da farashi, mallaka ta koma wurin mai saye ko da bai cika kuɗi ba. Abin da ke naka yanzu shi ne bashin miliyan 1 da jika 50. In ka je tasha ka tayar da motar ba da yardarsa ba, shi zai riga ka zuwa kwamisariya, kuma zai je da hujja: ya biya miliyan 1 da jika 250, mota tana hannunsa wata 14, ƴan tasha duka shaidunsa ne. Sunanka da ke kan kartigiris ba zai wanke ka ba, don wannan takarda ta hukumar sufuri ce, ba ta rushe cinikin da kai da kanka ka amsa an yi. Ga kuma wata hasara: daga ranar da ka ɗauke motar zai fara lissafa maka kuɗin lodin da ya rasa kullum.

Batun kwamisariya ma ka yi hattara. Wanda ya sayi kaya bashi ya kasa biya bai yi sata ba, bai kuma yi cin amana irin wanda dokar hukunta laifuka ke nufi ba, tunda ba aro ko ajiya ka ba shi ba. Sai fa in tun farko da yaudara ya karɓa, kamar takardar ƙarya ko sunan ƙarya, kuma babu alamar haka a wasiƙarka. Sammacin ƴan sanda yana iya tsorata mutum ya kawo wani abu a ranar, amma ba ya ba ka hukuncin da za a tilasta masa biya da shi. Abin da zai rage bayan nan shi ne gaba tsakanin gidaje biyu, da mai bashi wanda ya daina jin nauyinka. Nauyin nan da yake ji kuwa, shi ne babban jarinka a yau.

Ga abin da ya fi damun mu a labarinka. Duk lokacin da ya ce maka ka ƙara haƙuri, yana amsa cewa ana bin sa. Yau bai musa ba. Amma wannan amsawar a baki take, baki kuwa yana juyawa. Ranar da rai ya ɓaci yana iya cewa farashin miliyan 2 ne, ko ya ce ya ba ka wasu jika 300 hannu da hannu, ko ya ce injin ya zo da ciwo ya kashe jika 400 a gareji, a cire masa. Shaidunka biyu ne, ɗaya ƙanenka, kuma shaidar ƙane ga wansa ba ta da nauyin ta bare, ko a gaban malamai ko a gaban alƙali. Ga mutuwa, wadda ba ta sallama. In shi ya riga ka, magadansa za su tambaye ka hujja, kuma ba su yi laifi ba. In kai ka riga shi, ƴaƴanka ba su san ko nawa ba ne. Saboda haka aikinka na wannan makon shi ne mayar da maganar baki ta zama rubutu tun yana amsawa. Neman kuɗin zai biyo baya.

Fara da abin da ke hannunka. Nemo rasit ɗin Nita na jika 150, in ya ɓace saƙon da ya shigo wayarka yana nan da kwanan wata. Duk saƙon murya ko rubutu da ya taɓa turo maka ta WhatsApp a kan motar, kada ka goge, ka tura kwafinsa wata wayar. Je wurin makaniken shi kaɗai, ka tambaye shi abin da ya tuna na farashi da ranar biya, kada ka ɗora masa magana a baki. Sannan ka tura wa abokinka saƙo mai laushi wanda lissafi ke ciki ƙarara: mun yi ciniki miliyan 2 da jika 300, ka ba ni jika 900 da 200 da 150, saura miliyan 1 da jika 50, haka ne ko na yi kuskure? In ya amsa da "haka ne", ka samu tushe. Irin wannan saƙo shi kaɗai bai kai takarda mai sa hannu ba, amma yana toshe ƙofar musu.

Daga nan zuwa da kai ya fi saƙo. Ka same shi a gidansa bayan la'asar ko bayan isha'i, kada a tasha a gaban direbobi da ƴan kamasho, inda dole ya kare girmansa. Kada ka aika matarka wurin matarsa. Ka tafi da mutum ɗaya da ku biyun kuke jin kunya, limamin unguwarsa ko wani dattijo da ya san iyayenku. Ka buɗe da cewa ba ka zo karɓar kuɗi yau ba, ka zo a rubuta ne saboda rai da mutuwa. Babu Musulmin da zai ji wannan a matsayin zargi, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, har ta ce wanda ake bi shi ne zai yi shifta.

Takardar ta ƙunshi cikakken sunan kowannenku da lambar katin ɗan ƙasa, irin motar, lambarta, da lambar shasi. Lambar shasin nan a kwafo ta daga jikin motar a gwada da ta kartigiris, baƙi da lamba 17 ne, kada a tsallake ko ɗaya. A sa ranar da aka miƙa masa motar, farashi, abin da ya biya da ranakunsa, sai cikon. Cikon ya rubuta shi da hannunsa, da lamba da kuma kalmomi, don kotu tana ba wannan muhimmanci a takardar amsa bashi. In ba ya rubutun boko, ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu da za su sa hannu cewa an karanta masa ya gane. A rubuta da Faransanci tunda da shi ake aiki a ofisoshi, a fassara masa da Hausa kalma bayan kalma. A ƙara layi ɗaya da mutane ke yawan mantawa: ya karɓi motar bayan ya duba ta, kuma ba ya bin ka kuɗin wani gyara. Sannan ku je ofishin magajin gari na yankinku a tabbatar da sa hannun, a buga hatimi. Kwafi uku: naka, nasa, da na dattijon.

Wurin da irin wannan sulhu ya fi lalacewa shi ne tsarin biya. Mai bashi da kunya ta kama zai ce "ƙarshen wata zan kawo duka", kowa ya yi hamdala a tashi, ƙarshen wata ya zo babu ko dala. Kada ka karɓi wannan alkawari. Ka riga ka ga yadda na kaka ya ƙare, kuma ba lalle mugunta ce ba: kuɗin wake da riɗi suna shigowa ne lokacin da kowa ke jira, daga mai taki zuwa mai bikin aure. Motar kuwa kullum tana kawo kuɗi, don haka a ɗaura biyan a kan lodinta. In ya ware jika 5 a kowace ranar aiki, kwana 6 a mako, jika 30 ke nan, bashin zai ƙare a mako 35. In jika 25 zai iya a mako, mako 42 ne. Zaɓi adadin da zai iya ko a makon da mota ta kwana biyu a gareji, don ƙaramin biya da ba ya yankewa ya fi babba da zai tsaya a wata na biyu. A tsayar da rana ɗaya a mako, a ce kowace Juma'a, kuma kuɗin su bi ta Nita ko Amana ko Airtel Money don kowane biya ya bar rasit. In direba ne ke jan motar ba shi ba, a kira direban a gaya masa a gaban maigidansa cewa wannan kason kai tsaye zai riƙa turo maka. A rubuta kuma cewa in aka tsallake mako 3 a jere, sauran bashin duka ya zama abin biya nan take.

Kada ka ƙara ko dala ɗaya a kan cikon saboda jinkirin wata 14. Wannan kuɗin ruwa ne, kuma zai ba shi abin faɗa a kanka. Ragi kuwa halal ne tunda lokacin biya ya riga ya wuce: kana iya cewa in ya kawo jika 950 a dunƙule cikin wata ɗaya ka yafe jika 100. Sau da yawa wannan ne ke sa mutum ya sayar da rago biyu da buhunan da ya ɓoye.

Nemi abin riƙo. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta yarda mai sayarwa ya riƙe mallakar kaya har a gama biya, amma sai an rubuta sharaɗin kafin a miƙa kayan ko a ranar miƙawa, kai kuwa wannan ta wuce ka. Abin da ya rage shi ne mai lamuni ko jingina. Mai lamuni ya zama mutum mai abin hannu, wansa ko wani ɗan kasuwa da aka sani, kuma shi ma ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da lamba da kalmomi, don lamunin baki ba ya tsayawa a kotu. In takardar fili ce za a ba ka jingina, kada ka wadatu da riƙe takardar a aljihu, ku je wurin notaye, jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya, ya tsara ta yadda doka ke so.

Yanzu kartigiris. Ƴan'uwanka suna ganinsa a matsayin ƙarfinka, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangare: ba za a juya shi zuwa sunan kowa ba sai da takardar sayarwa mai sa hannunka. Amma igiya ce mai baki biyu. Motar da ke ɗaukar fasinja a hanyar Matamaye, kusa da iyakar Najeriya, in ta yi haɗari aka rasa rai, ko duwan suka kama ta da man fetur na sumoga, sunan da za a fara karantawa naka ne, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Za ka iya kare kanka da cewa ka sayar, amma da wace hujja? Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa ranar miƙa motar ta zama dole a takardar. Ga batun inshora kuma: a ƙarƙashin dokar CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya da ƙasashenmu ke bi, inshorar mota tana tsayawa da kanta daga kwana na biyar bayan an sayar da motar. Wadda ka yanka da sunanka ta daɗe da daina aiki, ko da kwanan watanta bai ƙare ba a lokacin. Ka nemi ya nuna maka wadda yake yawo da ita yanzu, ka duba ko ta jigilar fasinja ce, don inshorar motar gida ba ta ɗaukar nauyin lodin haya. Ka duba binyat, wato shaidar biyan harajin mota, da takardar duba lafiyar mota. Ra'ayinmu shi ne, in ka samu mai lamuni tsayayye, ka sa hannu a juya kartigiris zuwa sunansa nan da nan, ka huta da wannan fargaba. In ba ka samu ba, a rubuta cewa za a juya ranar biya na ƙarshe, kuma duk abin da motar ta jawo tun ranar miƙawa yana wuyansa.

Mai yiwuwa a zaman ya fito fili ya ce ba zai iya ba. A nan sai ka bambance mai ƙunci da mai taurin bashi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisi ingantacce kuma ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Mutumin da motarsa ke lodi kullum da wuya a kira shi marar hali, sai dai in motar ta fi kwana a gareji fiye da kan hanya. Makanikenka zai iya gano wannan da tambaya ɗaya a tasha.

In da gaske ba zai iya ba, mutane za su ce maka ka karɓi motarka ka mayar masa da kuɗinsa. Yi lissafi tukuna. A ce bayan wata 14 na lodi dillalai sun yi mata kuɗi miliyan 1 da jika 600. In aka warware cinikin, za ka fitar da miliyan 1 da jika 250 daga jarinka, ka karɓi motar da ta faɗi da jika 700 daga farashin da ka sayar. Hasarar tsufanta ta dawo kanka ke nan, shi kuwa ya ci lodin wata 14. In kuwa kuka yarda a sayar da ita ga wani, a gabanku ku biyu, ka ɗauki miliyan 1 da jika 50, shi ya ɗauki sauran jika 550, a cire la'adar dillali daga cikinsu, ka sa hannu kai tsaye ga sabon mai saye, kuɗinka sun cika cif. Wannan ita ce hanyar da muka fi so idan biyan mako mako ya gagara. Kuɗin su shiga hannun dattijon nan, shi ya raba. Kafin a kai ta kasuwa makanike ya duba ko injin da buwat da batir da tayoyin da aka sani ne ke jikinta, don motar da mai ita ya san za ta fita hannunsa takan wayi gari da tsofaffin kaya.

To in ya ƙi zama, ko ya ƙi sa hannu? Sai a hau mataki na gaba, kuma a Damagaram ba a rasa shi ba. Kai maganar wurin mai unguwarsa, in ta gagara a wuce fadar Sarkin Damagaram a Birni. Dokar 2015 da ta tsara sarautar gargajiya a Nijar ta ba sarakuna ikon sasanta mutane, kuma ana rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Kada ka tashi daga wurin ba tare da kwafinka ba. Mutane da yawa da ke musu a waya ba sa iya musu a zauren mai unguwa, a gaban waɗanda suka san ranar da motar ta shigo layin.

Kotu ita ce ta ƙarshe, amma ka san hanyarta tun yanzu, don sanin yana ƙara wa maganarka nauyi. Usiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a yana kuma aiwatar da hukunci, zai iya kai masa takardar neman biya, ya tambaye shi ko ya amsa bashin, ya rubuta amsarsa. In ya ce "na amsa, ina neman lokaci", ka samu rubutacciyar hujjar da ya hana ka. Daga nan akwai gajeriyar hanya a dokar OHADA ta karɓar bashi, wadda aka kafa a 1998 aka sabunta a 2023: umarnin biya. Sharaɗinta bashin ya zama tabbatacce, adadinsa sananne, lokacinsa kuma ya yi. Kana shigar da buƙata da takardunka, alƙali ya duba ba tare da an kira shi ba. In ya ba da umarni, dole usiye ya isar masa cikin wata 3, in ba haka ba umarnin ya faɗi. Shi kuma yana da kwana 10 ya ƙalubalanta. In bai yi ba, ka nemi a buga wa umarnin hatimin zartarwa, usiye ya ba shi gargaɗin kwana 8, sannan a iya kama dukiyarsa, har da motar. Ko a nan doka ta ba shi wata 1 ya nemo mai saye da kansa kafin a yi gwanjo. Ka sani kuma alƙali yana da ikon ba shi sauƙin biya har zuwa shekara 1 in ya ga halinsa ya kai. In ka ji ƙishin-ƙishin yana shirin tsallaka da motar Najeriya ya sayar, kada ka jira duk wannan: ana iya roƙon alƙali izinin riƙe ta na wucin gadi, kuma wannan aikin kwanaki ne. Ka tambayi magatakardan kotun Damagaram wace kotu ce ke karɓar bashi mai wannan adadi, ka kuma sa usiye ya rubuta maka kuɗin aikinsa kafin ya fara, don kai za ka fara fitarwa ko da daga baya za a ɗora wa mai bashi.

Abu ɗaya da za mu roƙe ka: komai zafin rai, kada ka sa hotonsa ko sunansa a Facebook ko a zaurukan WhatsApp na ƴan kasuwa. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, kuma mutumin da aka tozarta a idon gari ba ya da sauran abin da zai kare ta hanyar biyanka. Ka kuma ja kunnen ƙannenka su daina zuwa tasha suna kewaya motar.

Game da zumunci, ba za mu ce maka zai koma yadda yake ba, don wata 14 na kira ana ce maka ka yi haƙuri sun riga sun taɓa shi. Amma bashin da ba a san ranar ƙarewarsa ba ya fi takarda cin abota: shi yana sauya hanya in ya hango ka, kai kana lissafa kowane sabon ɗinki da ka gani a jikinsa. In an rubuta, an san Juma'a ce ranar biya, za ku iya haɗuwa a ɗaurin aure ku gaisa ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Ka tura masa saƙon lissafin yau da dare, gobe ka je wurin dattijon ku tsayar da ranar zama kafin Juma'a mai zuwa, ka kuma tafi da takardar a rubuce, wurin adadin mako da sunan mai lamuni kaɗai za a bari a cike a can.